Tayil ba ya tare ruwa, a daina yaudarar masu gida

 Yau maganar banɗaki zan yi, kuma na san wasu magina ba za su ji daɗinta ba.

Wata magana ta zauna a bakin masu sa tayil a garin nan, wai da zarar an manna tayil an cike layukansa da farin siminti to an gama da ruwa. Wannan ba gaskiya ba ne. Simintin da ke tsakanin tayil yana shan ruwa, yana kuma tsagewa, musamman a kusurwar da ƙasa ta haɗu da bango da kuma bakin magudana. Ruwan da ya ratsa nan bulo yake samu, bulon yashi da siminti kuwa kowa ya san yadda yake zuƙar ruwa. Bayan damina ɗaya ko biyu sai fentin ɗakin kwana ya fara kumbura, farin gishiri ya feso, kayan sawa su kama wari. In gidan bene ne abin ya fi muni, don ruwan na isa ga rodin da ke cikin dakin, ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankare.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu jikokin mutanen da suka san wannan aiki ne. Maginan Kano da Zariya suna dafa makuba daga kwasfar ɗorawa, suna haɗa laso da katsi na karofi da gashin jima da dafara, duk don kada ruwa ya ratsa soro. Iyayenmu da fatauci ya kawo su bakin kogin Binuwai suka zauna a Jimeta, a can ƙuryar gida suke yin makewayi, sama a buɗe, rana na busar da shi kullum. Mu kuma mun ɗauko banɗaki mun shigo da shi ɗakin kwana, mun sa shawa da tanki a sama, amma hikimar tare ruwa mun baro ta a baya.

Wani zai ce ai zafin Yola ya isa ya busar da komai, tunda a watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. To ranar ba ta shiga bayan tayil, malam. Wani ya ce shi da bokiti yake wanka, ruwan ma a wajen 'yan ga-ruwa yake saye. Lissafa mutum goma a gida, kowa da wankansa, ga alwala sau biyar, ga wankin yara, kullum a wuri ɗaya. Sannan mu a kwarin kogi muke. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya san yadda gindin bango ke riƙe danshi wata da watanni. Bangon da ke fama da laima daga ƙasa, ka kuma ɗura masa ruwa daga ciki, ina zai kai?

Aikin ba wani sihiri ba ne. Kafin a rufe bututu a cikin bango a saki ruwa a tabbatar ba ya yoyo. A yi daɓen ƙasa da gangara zuwa magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, a shayar da shi ruwa na mako guda sannan a bar shi ya bushe. Sai a shafa maganin hana ruwa ratsawa, irin na Sika ko Dr. Fixit ko makamancinsu, shafi biyu, na farko ya bushe kafin na biyu. Ya rufe ƙasa duka, ya hau bango aƙalla santimita 15, a wurin shawa kuwa ya kai kamar mita 1.8, a sa ƙyallen ƙarfafawa a kusurwoyi da bakin magudana da inda bututu ya fito. Daga nan a toshe magudana a tara ruwa, a yi alama, a bar shi awa 24 zuwa 48. In bai ragu ba, bangon waje bai nuna danshi ba, sai a kira mai tayil. Shi ma kada a yarda ya ɗiga siminti a kusurwa huɗu ya manna, a cike bayan tayil gaba ɗaya. Wanda ka ƙwanƙwasa ya yi ƙarar ganga, ramin ajiye ruwa ne.

Masu gida su ma da nasu laifin. Mutum ya shiga babbar kasuwar Jimeta ya yini yana zaɓen tayil mai walƙiya, amma a ce ya sayi abin da za a shafa a ƙarƙashi sai ya ce birkila na son cin kuɗinsa, don abu ne da baƙo ba zai gani ya yaba ba. Ga gaggawa, a gama kafin biki ko kafin ɗan haya ya tare. Araha ba ta ado. Ranar da za a gyara sai an fasa tayil ɗin nan duka, a sake sayen siminti da yashi, a sake biyan lebura.

Kuma ba kai kaɗai abin ke shafa ba. A tsofaffin unguwanni irin su Luggere da Rumde da Nassarawo gidaje manne suke da juna, wani lokaci bangonka shi ne bangon ɗakin maƙwabcinka. Ruwan wankanka ya lalata masa ɗaki, ko ka karɓi kuɗin hayar shekara ka saka iyalin wani a ɗaki mai danshi, wannan haƙƙi ne, kuma addini bai yi wasa da haƙƙin maƙwabci ba.

Saboda haka duk maginin da ya ce maka tayil kaɗai ya isa, ka ce masa ya yarda a tara ruwa kwana biyu kafin ka cika masa kuɗinsa. In ya ƙi, nemi wani. Tun ran gini tun ran zane.

Allah ya sa mu gyara.