Kafin ka biya kuɗin tsohon gem: labarin kake so ko kwalin?



Akwai wata tambaya da ke ta dawo mana a 'yan kwanakin nan: "Malam, a ina zan samu gem kaza? Na duba Play Store babu, na zaga kasuwa babu." Kuma yawancin masu tambayar ba gem ɗin ƙwallo suke nema ba, don wannan ko wane lungu ka shiga za ka samu mai tura maka. Suna neman irin masu dogon labarin nan ne da ake kira RPG, wato wanda za a ba ka jarumi ka riƙe, ka yi ta yawo gari-gari, kana magana da mutane, kana tara makamai, ƙarfinka na ƙaruwa, har ka kai ƙarshen labari bayan awa talatin ko arba'in. Irin su Final Fantasy, Dragon Quest, Chrono Trigger da Pokémon.

Ra'ayina a kan wannan a taƙaice shi ne: kafin ka cire ko naira ɗaya, ka zauna ka tambayi kanka, labarin da ke cikin gem ɗin kake so ko kwalinsa? Amsar da ka ba kanka ita ce za ta nuna maka inda za ka nufa, kuma ita ce za ta hana ka yin asara irin wadda na yi.

Shekarun baya na ba wani mai kawo kayan gwanjo kuɗi ya samo min faifan wani RPG na PlayStation 2. Na jira kusan wata biyu. Ranar da ya zo, na sa a na'urata ta ƙi karanta shi, ashe faifan na kasuwar Japan ne, na'urar tawa kuma ta Turai ce. Na ɗauka na kai gidan gem ɗin unguwarmu inda aka yi wa na'urorinsu cif, ya tashi lafiya lau, amma wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba, komai da Japananci. Gem ɗin ƙwallo ko da wane yare ne za ka buga abinka. RPG kuwa karatu ne, in ba ka jin abin da ake faɗa maka, ko ƙofar garin farko ba za ka fita ba. Laifin ba na mai kayan ba ne, ni ne ban tambaya ba.

Me ya sa waɗannan gem ɗin ke wahalar samu?

A shekarar 2023 wata cibiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da bincike da ya nuna kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Wani kamfanin ya rufe, wani haƙƙin mallakarsa ya shiga rikici, wani kuma tun farko kaɗan aka buga. Misali Panzer Dragoon Saga na na'urar Sega Saturn da ya fito a 1998: kwafinsa na Turanci kaɗan ne, ba a sake fitar da shi ba, shi ya sa na hannu ma sai ka ajiye ɗaruruwan daloli.

To amma ka lura da wani abu. Wannan tsadar ta masu tara kayan tarihi ce. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon kwafin Super Mario 64 guda ɗaya da ba a taɓa buɗe ledarsa ba a kan dala miliyan 1.56. Wanda ya saya ba bugawa zai yi ba, ajiyewa zai yi kamar yadda wani ke ajiye fili. Kai da kake son ka kwanta da daddare ka bi labari a wayarka, me ya haɗa ka da gasar attajirai?

Abin da da yawa ba su sani ba

Da yawa daga cikin gem ɗin da a da sai an yi odarsu daga waje, yau suna nan a Play Store da App Store, daga hannun kamfanonin da suka yi su.

Chrono Trigger ya fito a 1995, kuma a wancan lokacin ko Turai ba a kai shi ba, sai Japan da Amurka. Yau yana nan a Android da iPhone. Final Fantasy na 1 zuwa na 6 an sake gyara su an fitar a waya tsakanin 2021 da 2022 da sunan Pixel Remaster. Dragon Quest V ya fito a Japan a 1992, bai samu fassarar Turanci daga kamfaninsa ba sai 2009, shi ma yanzu yana waya. In kuma kai mai son na Turawan Yamma ne, akwai Star Wars: Knights of the Old Republic da Baldur's Gate.

Ga kuma darasin Suikoden II. An daɗe ana ambatonsa cikin faifan PlayStation masu tsada, mutane na biyan kuɗi masu yawa a kan na hannu. A watan Maris na 2025 kamfanin Konami ya sake fitar da na ɗaya da na biyu tare, a kwamfuta da na'urorin zamani. Wanda ya yi haƙuri ya samu labarin a kuɗi kaɗan. Mahaƙurci mawadaci.

Saboda haka matakin farko kullum shi ne ka rubuta sunan gem ɗin a Play Store, sannan ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashinsa. In ka ga Final Fantasy amma ba Square Enix ne ya ɗora ba, wuce kawai.

Maganar "mod" da "crack"

Na san abin da wani zai ce: "Malam, dala ta yi tsada, ni fa ga shi can kyauta a Telegram." Gaskiya ne dala ta yi tsada, ba na musu. Amma ɗan uwa, wayar da za ka zuba wa wannan fayil ɗin APK ita ce dai wayar da manhajar bankinka take ciki, nan lambar sirrin cire kuɗi ke shigowa, nan WhatsApp ɗinka da hotunan iyalinka suke. Wanda ya zauna ya fasa gem ya ɗora maka kyauta, ba ka san shi ba, ba ka san me ya cusa a ciki ba. In ka ga gem yana neman izinin karanta saƙonninka, ko jerin lambobinka, ko izinin sarrafa allon wayarka, ko aka ce sai ka kashe Play Protect kafin ya hau, tsaya nan. Jarumin da ke yaƙi da dodo ba ya buƙatar ganin saƙon bankinka. Garin neman gira kar a rasa ido.

Batun manhajojin kwaikwayon na'ura irin su PPSSPP daban ne. Ita kanta PPSSPP halastacciyar manhaja ce, tana Play Store, kuma ko Apple ya buɗe ƙofa ga irinsu tun 2024. Inda maganar take shi ne fayilolin gem ɗin da ake zuba mata. Akwai gem kamar Mother 3, wanda ya fito a Japan a 2006 kuma har yau Nintendo bai fitar da shi da Turanci ba, masoyansa ne suka fassara shi da kansu a 2008. Wanda ya bi wannan hanyar don babu inda zai saya, ni dai ba zan jefe shi ba. Amma gem ɗin da mai shi ya ajiye a kasuwa yana sayarwa, ka biya shi haƙƙinsa. Wannan ita ce matsayata.

Na waya ma ba naka ba ne ɗari bisa ɗari

Kar kuma ka ɗauka ina cewa sayen gem ta intanet ba shi da nasa aibin. Abin da kake biya izinin amfani ne, kuma shagon na iya rufewa. Nintendo ya rufe sayayya a shagon 3DS da Wii U a watan Maris na 2023. Ubisoft ya kashe sabar gem ɗin The Crew a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba ya tashi. Ko Steam yanzu yana rubuta maka a wajen biya cewa lasisi kake saya.

Don haka in za ka saya a waya, ka kiyaye waɗannan:

1. Ka fifita wanda ke aiki ba tare da intanet ba. Wanda sai da saba yake tashi, ransa na hannun kamfanin.

2. Ka duba ranar da aka sabunta shi na ƙarshe. Tsofaffin manhajoji na iya ƙin hawa sabuwar waya. Android 14 ba ya karɓar manhajar da aka gina don Android ɗin da ya girmi na 6, haka ma iOS 11 ya watsar da tsofaffin manhajoji masu yawa a 2017.

3. Kana saya ka buɗe ka gwada nan take. A Play Store, cikin awa biyun farko mayar da kuɗi yana da sauƙi, kuma kana iya neman a mayar maka cikin awa 48. A Steam kwana 14 ne, matuƙar ba ka buga fiye da awa biyu ba.

4. Wannan ita ce babba a wajenmu: duk abin da ka saya yana maƙale ne da Gmail ɗinka. Mutane nawa ne mai shagon waya ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, har yau ba su san kalmar sirrinsa ba? In wayar ta faɗi ko aka sace, duk abin da ka saya ya tafi tare da ita. Ka gyara wannan tun kafin ka sayi komai.

5. In katin bankinka ya ƙi wucewa har ka koma sayen katin kyauta, ka sani katin yana da ƙasa. Na Amurka asusun Amurka yake shiga, na Ingila sai asusun Ingila, a Google Play haka, a PlayStation ma haka. Ka tabbatar da ƙasar asusunka kafin ka tura wa mai kati kuɗi.

6. Kar ka yi gaggawa. Ka jefa gem ɗin a jerin abubuwan da kake so, ka jira lokacin rangwame. Waɗannan tsofaffin gem ɗin ana yawan karya farashinsu.

In kuma kwalin kake so

Akwai wanda shi dai burinsa ya riƙe kaset ɗin a hannu, ya jera a kabad. Wannan ma sha'awa ce, ba laifi. Amma ka shiga da idonka a buɗe.

Ka fara da yanki. PlayStation 2 da 3DS suna kulle ne da yankinsu, faifan Japan ba ya hawa na'urar Turai. Switch, PS4 da PS5 kuwa galibin gem ɗinsu ba su da wannan kullen, sai dai ƙarin abubuwan da ake saya a cikin gem su suna bin ƙasar asusu.

Sai yare. Ka ce a turo maka hoton bayan kwalin, ko bidiyon gem ɗin yana tashi.

Sai suna, don nan ma ana faɗawa rami. Abin da aka sayar a Amurka a zamanin Super Nintendo da sunan Final Fantasy III, shi ne na 6 a lissafin Japan, na II ɗinsu kuma shi ne na 4. Dragon Quest ma a da Dragon Warrior ake kiransa a Amurka.

Sai wuta. Japan 100V suke amfani da shi, Amurka 120V, mu kuma tamu 230V ce. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin na'urar ko cajarta kafin ka jona, in ba haka ba hayaƙi za ka gani.

Sai jabu. Kaset ɗin Pokémon na Game Boy Advance na cikin waɗanda aka fi yin jabunsu a duniya. Ko na asalin ma, tsofaffi irin su Pokémon Gold da Silver suna da ɗan batiri a ciki mai riƙe inda ka tsaya, in ya mutu sai an canza shi.

Sai lissafi. A kasuwannin Japan irin su Mercari da Yahoo Auctions za ka ga kaya da arha, amma sai ka bi ta kamfanonin da ke saya a madadinka kamar Buyee ko ZenMarket. Ka haɗa ladansu, kuɗin aikowa, kuɗin kwastan da canjin kuɗi kafin ka ce ka samu araha. Sau da yawa kuɗin hanya ya fi kuɗin kayan.

Daga ƙarshe

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake nacewa a kan biya. A maƙwabciyarmu Kamaru, wani kamfani mai suna Kiro'o Games ya fitar da RPG mai suna Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016, wanda ya ɗauko kayan labarinsa daga al'adun Afirka. Mu ma muna da abin ba da labari, daga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu har yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina. Amma matashin da ya iya haɗa gem a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba zai kashe shekara biyu a kai ba in ya san ranar da ya saki, ranar za a fasa a raba a Telegram.

Don haka ɗan uwa, 'yar uwa, in labarin kake so, fara da shagon da ke cikin wayarka, ka duba sunan kamfani, ka jira rangwame, ka riƙe Gmail ɗinka da kyau. In kwalin kake so, ka tambayi yanki, yare, wuta da jimillar kuɗi kafin ka tura ko sisi.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da wayoyinmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.