Likitan da bai san rijiyar gari ba

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta ja da baya, zafin bazara ya kankama, iyaye a Damagaram da Maraɗi da Tawa sukan shiga zullumin sanƙarau. Suna da dalili. A shekara ta 1995 wannan cuta ta kama mutane fiye da dubu 40 a Nijar, ta cika maƙabartu da yara. A 2015 ta sake dawowa da wani sabon launi, har cikin birnin Yamai, inda ake da manyan asibitoci da manyan likitoci. Abin tambaya shi ne: wane irin likita muke horarwa domin ƙasa irin tamu?

Ɗalibin likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni, ko na Maraɗi da Damagaram, yakan kwashe shekarunsa a gefen gadon majinyaci. Yana koyon duba jiki, da gane cuta, da rubuta magani. Wannan ilimi ne mai daraja, ba mai musun haka. Amma gadon asibiti ƙarshen labari ne. Farkonsa yana can ƙauye: a rijiyar da ba ta da murfi, a rumbun da ya ƙare tun kafin shuka, a tabkin da sauro ke haihuwa. Wanda ya warkar da yaro daga gudawa, ya maida shi ga ruwan da ya sa masa ita, ɗibar ruwa yake yi da kwando.

Tarihinmu shaida ne. Ba a ɗakin tiyata aka kawar da kurkunu ba, wanda hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar ya ƙare a Nijar a 2013. Tace ruwa, da tonon rijiyoyi, da ƙidayar masu ciwo gari-gari ne suka yi aikin. Haka nan a 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da makantar da ƙudan kogi ke kawowa. Allurar sanƙarau da aka soma a 2010 ta karya lagon launin cutar da ya fi yi mana ɓarna. Duk waɗannan nasarori na jama'a ne baki ɗaya, ba na majinyaci ɗaya ba.

Tun taron Alma-Ata na 1978 da shirin Bamako na 1987 hukumominmu ke rera cewa kiwon lafiya daga tushe yake farawa. To, a gani a ƙasa. A tura kowane ɗalibi ya yi watanni a cibiyar CSI ta karkara, damina da rani, da kuɗin zamansa a hannu, ƙarƙashin malamin da zai bi shi ya duba aikinsa. Ya koyi karanta rajista, ya gane ranar da adadin masu amai da gudawa ya haura na makon jiya, kamar yadda ya faru a Madarunfa a 2018. Ya koyi auna damtsen yaro domin gano tamowa. Ya koyi zama gaban maigari da liman da ungozoma, ya yi musu bayani da harshen da suke ji. A sa wannan cikin jarrabawa da nauyi daidai da na tiyata, domin abin da ba a jarraba shi ɗalibi ba ya ɗaukarsa da gaske.

Kada kuma a manta da majo da ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani, waɗanda su ne talaka ke fara gani. A riƙa sabunta musu horo a inda suke, a kuma maido musu da sakamakon alƙaluman da suke aikawa sama.

Wasu za su ce likitocinmu kaɗan ne, ba a raba su da asibiti. Ƙarancin nasu ma shi ne hujjarmu. Likita ɗaya ba zai iya duba mutum dubu a yini ba, amma yana iya hana dubu kwanciya. Magabata sun riga sun yanke hukunci: rigakafi ya fi magani. Saura a koyar da shi yadda ya kamata.