RA'AYINMU: Nonon Jahun A Fadama Yake

 

Kowa ya san ƙwaryar nono da man shanu a kasuwar Jahun, amma kaɗan ne ke tambayar inda saniya ta samo shi. A fadamar Kogin Haɗeja ta samo shi, wurin burugu da roba da rani, da gamba da kyasuwa a tudu da damina, da 'ya'yan gawo idan bazara ta tsananta. Kowace ciyawa da lokacinta, kuma duk wadda ta ɓace sai an ga gurbinta a ƙwarya.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Hanyoyin ruwan da a da ke bushewa da rani suka daina bushewa, kachala ta samu wurin zama, ta toshe su, musamman daga Haɗeja zuwa Nguru. Wani gari ambaliya, wani gari ƙishirwa. Inda ciyayi iri-iri suke a da, yau ciyawa guda ce ta mamaye, wadda ba abincin kirki ba ce ga saniya, ta hana masunci jefa taru, ta zama maɓuyar jan-baki mai cinye shinkafa. Abin da ya tsira daga kachala kuma noman rani na ci gaba da lashe shi.

Ba mu ce hukuma ba ta yi komai ba. Akwai dokar makiyayu ta Jihar Arewa tun 1965, kuma gwamnatin Sule Lamido (2007 zuwa 2015) ta shata makiyayu da burtaloli a Jigawa. Mun yaba. Sai dai turaku ba sa gadin kansu.

Shari'a ta riga mu sanin wannan. Manzon Allah (SAW) ya keɓe hurumin Naƙi'u, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe na Rabaza. Abin lura shi ne Umar bai tsaya ga shata iyaka ba. Ya naɗa wa hurumi mai kula, ya umarce shi da ya gabatar da masu 'yan dabbobi kaɗan a kan manyan masu dukiya, ko da kuwa manyan sahabbai ne. Ina wannan a yau, da mai kuɗi ko mai muƙami ke wayar gari ya kewaye makiyaya da takarda a hannu?

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Jigawa da ta damƙa kowace makiyaya a hannun kwamiti na dindindin, wanda ya ƙunshi arɗo da dagaci da sarkin ruwa da manoma da wakilin ƙaramar hukuma. 'Yan kasuwa da kamfanonin da ke sayen madara su ma su zauna a ciki, su sa kuɗinsu wajen dasa gawo da yashe hanyoyin ruwa, tunda suna cin riba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa shawara da waɗannan kwamitoci kafin ta saki ruwa.

Makiyaya ma da nasu laifin. Sassabe gawo har ya mutu, da cinna wa daji wuta, ɓarna ce a bayan ƙasa. Masu wa'azinmu da ke shiga rugage suna karantar da alwala da salla, su haɗa da wannan babi kafin shanu su gangara fadama a kakar bana.