A faɗaɗa maƙogwaron babur, sannan a hana shi mai?

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wasu kanikawa ke yi wa manoman Bakori alkawari biyu: za su kankare bututun da ke tsakanin kafireta da injin domin Boxer ta ƙara ƙarfi, su kuma matse mai domin ta rage sha. Yaudara ce. Bututun da aka faɗaɗa iska yake ƙarawa. Idan fetur bai ƙaru daidai da ita ba, injin ya ɗau zafi, fistin ya ƙone, wataƙila a hanyar Funtua, da buhunan masara a baya. Murɗa sukurun silo bai isa ba. Sai an gwada babban jet, an hau babur, an kwance fulogi: fari fat yunwa ce, baƙi ƙirin mai ya yi yawa, ruwan ƙasa ake nema.