Na'urar sikanin ba ta masu juna biyu kaɗai ba ce

A Augie ta jihar Kebbi, da an ce sikanin, awon ciki ke faɗowa a rai. Alhali na'urar na taimakawa har wajen sa allura a jijiya, domin da amsa-kuwwa take aiki: sautin da kunne ba ya ji ya bugi ƙarfen allura ya dawo, likita ya ga inda tsininta ya kai cikin tsoka. Yaron da gudawa ta ɓoye wa jijiya bai cancanci a yi ta sukarsa da lalube ba, balle a kwashe shi zuwa Argungu ko Birnin Kebbi. Za a ce babu wuta. To, akwai ƙanana masu batir, sola na caja su. Horo ne mai wuya, domin tsinin kan ɓace wa hannun da bai saba ba. Nan ya kamata gwamnatin Kebbi ta fara zuba kuɗi.