Takardar Sati Biyu Ba Ta Yin Injiniya

Duk lokacin dogon hutu, tsakanin Yuli da Agusta, wasa ɗaya ake maimaitawa a Yaounde. Wata ƙungiya, ko wani mai neman suna, zai tara yara a aji, a jera musu kwamfutoci, a koya musu buga takarda a Word da jera lambobi a Excel na sati biyu ko uku. Ranar rufewa a kafa rumfa, a sha jawabai, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Daga nan kowa ya watse yana cewa an buɗe wa 'ya'yanmu ƙofar zamani. Mu ma a unguwar Briqueterie mun karɓi wannan ra'ayi hannu bibbiyu: yaro ya taɓa kwamfuta kawai, sauran aiki na Allah ne. Ni dai ina ganin yaudarar kai ce, kuma tana cinye mana kuɗi da shekarun yara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a unguwarmu ake yarda da wannan. Ai Briqueterie gidan teloli ce. Daga ko'ina a Yaounde ake zuwa nan ɗinki da surfani. Ka shiga kowane shago ka tambayi maigida yaushe ya fara barin yaronsa ya yanka shaddar mutane. Zai gaya maka yaron ya yi watanni yana shara da guga da sa maɓalli, sannan ya hau keke yana ɗinka tsumma, ya ɓata, a yi masa faɗa, ya warware ya sake. Sai an yi shekaru kafin a miƙa masa almakashi. Da wani zai zo ya ce ya horar da teloli ɗari biyu cikin sati biyu, ga takardunsu, da dariya za ta kashe mutane a bakin Babban Masallaci. To me ya sa in aka ce kwamfuta sai mu ajiye hankalin da muka gada? Don ba mu san abin ba, shi ya sa duk wanda ya zo da akwati mai haske muke tafa masa.

Gwamnati ma ta gwada wannan hanya, da kuɗin da babu ƙungiyar da za ta tara irinsa. A 2016 aka sanar da rabon kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, waɗanda aka yi wa tambarin PB HEV, a cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ciwo bashinsu daga Sin. Aka fara rabo a ƙarshen 2017. Ma'ajiyarsu giga 32 ce kacal, kuma ba a jima ba jaridu suka fara ba da labarin ana sayar da wasu a kasuwa. Ba na zargin ɗalibin da ya sayar. Wanda ake bin sa bashin kuɗin haya ya san abin da ya fi damunsa. Darasin kwamfuta kuwa ya haura shekara 20 a manhajar sakandaren Kamaru, tun bayan da aka buɗe ɗakunan kwamfuta na farko a Lycée Leclerc da Lycée Bilingue na Essos a 2001. Duk da haka har yau akwai makarantun da a allo ake zana wa yara linzamin kwamfuta da alli, su haddace, su rubuta a jarrabawa su ci.

Ƙofar gaskiya tana wani wuri, kuma ba ta da hayaniya. Tana aji na huɗu na sakandare, wanda ake rubuta jarrabawar BEPC a ƙarshensa. A nan ake raba yara: wannan ya tafi sashen A na adabi, wancan ya tafi sashen C na lissafi da kimiyya. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ne a lokacin, kuma makin lissafinsa ne ke yanke hukunci. Makarantar Polytechnique da ke Melen, wadda tun 1971 take horar da injiniyoyin ƙasar nan, tafiyar tasi ɗaya ce daga Briqueterie, amma jarrabawar shigarta lissafi ce da fiziks. Babu mai tambayar ka takardar hutu a ƙofarta. Saboda haka mutumin da ya sa kwat ya zo yana yi wa 'yan ajin ƙarshe lacca a kan sana'o'in gobe ya makara da shekara uku. Yawancin waɗanda ya kamata su ji shi sun riga sun bi wata hanya, wasu suna shago, wasu suna kan babur, 'yan mata kuwa da dama suna ɗakin miji.

Akwai ma waɗanda ba su kai nan ba. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan maƙale tun a jarrabawar CEP ta gama firamare. Ga kuma nauyin harshe: yaro ya tashi da Hausa ko Fulatanci a gida, ya yi Larabci a makarantar allo, ya shiga aji a yi masa lissafi da Faransanci, sannan in ya kai ga rubuta manhaja ya tarar da kusan komai da Ingilishi ne. Wannan ba aibi ba ne, kan da ya ɗauki harsuna uku zai ɗauki na huɗu. Amma sai an zauna da shi, kuma zama da yaro ba ya fitowa da kyau a hoto.

Na san abin da za a ce mini. Za a kawo Nji Collins, ɗan Bamenda mai shekara 17 da ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Google Code-in, a ce ai shi ya koya wa kansa. Haka ne. Amma kimanin shekara biyu ya yi yana fama da littattafai da darussan intanet, yana ɗalibin sakandare, yana kuma karanta Ingilishi ba tare da tuntuɓe ba. Da aka katse intanet a yankinsu a Janairun 2017, katsewar da ta ɗauki wata uku, sai da ya taho nan Yaounde wurin dangi don ya ci gaba. Za a kuma kawo Arthur Zang, mai Cardiopad, na'urar auna bugun zuciya da ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2014. Shi kuwa Polytechnique ya gama, kuma ya zauna gaban likitan zuciya, Farfesa Samuel Kingué, ya koyi abin da bai sani ba. Duka biyun hujjata ce. Sun yi shekaru, sun iya karatu, ɗayansu ma har da maigida.

Wani kuskuren shi ne yadda muke nuna wa yara sana'ar kwamfuta kamar tana can Amurka, a wani bene mai gilashi. Tana nan bakin ƙofa. Injin surfani mai aiki da kwamfuta ya shigo kasuwa, kuma yana gama a awa kaɗan abin da hannu ke kwanaki a kai. Wa zai zana masa fasalin aska takwas ya loda? Wa zai gyara shi in ya tsaya? Mai shagon atamfa da ke karɓar kuɗi ta MoMo da Orange Money yana rubuta bashi a littafin da ya yage, wa zai tsara masa lissafinsa? Masu gyaran waya a Avenue Kennedy suna ci da iyalinsu da wannan aiki, kuma su ma irin koyon teloli suke yi, yaro a gefen maigida. Ɗan tela da ya iya lissafi ya fi kowa dacewa da wannan gurbi, domin ya san shadda, ya san masu saye.

Ga attajiranmu da limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin unguwa: kuɗin rumfa da kujeru da lemun ranar rufewa, a haɗa su a biya malamin lissafi ɗaya da zai riƙa zama da 'yan aji uku da aji huɗu na sakandare bayan La'asar, shekara guda cur, maza da mata. A bi gida gida a nemo yaran da ba su da takardar haihuwa tun suna aji uku na firamare, a yi musu. A samu ɗaki ɗaya mai lantarkin hasken rana, saboda ɗaukewar wuta, a sa tsofaffin kwamfutoci biyar da aka yarda yara su kwance su ɗaure, a ɗauko ɗalibi daga Melen a riƙa biyan shi kuɗin tasi da ɗan alheri ya zauna da su ranar Asabar. Ke kuma Hajiya, in 'yarki ta kawo sakamakon zango, ki sa a karanta miki makin lissafi kafin komai, in ya yi ƙasa ki je makarantar da ƙafarki ki nemi malamin.