Moroni: Birnin da Ango ke Tarewa a Gidan Amarya

A wannan fitowa za mu ƙetara Tekun Indiya zuwa Moroni, babban birnin ƙasar Komoro, wadda tsibiranta ke tsakanin Mozambik da Madagaska.

Moroni na bisa tsibirin Ngazija, mafi girma a cikin tsibiran, a gindin wani dutse mai aman wuta da ake kira Kartala, wanda tsawonsa ya kai mita 2,361. Saboda ƙasar tsibirin duwatsu ce masu shanye ruwa, babu kogin da ke gudana duk shekara, don haka gidaje da yawa sukan haƙa tankuna su tara ruwan sama. A shekarar 2005 da Kartala ya yi aman toka, tokar ta gurɓata waɗannan tankuna, aka shiga ƙuncin ruwan sha. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin rijiya cikin bazara ya san irin wannan hali.

Musulunci ya daɗe da kafuwa a nan ta hanyar fataken Larabawa da na gaɓar gabashin Afirka, kuma jama'a mabiya mazhabar Imam Shafi'i ne. A bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa, a unguwar Bajanani, akwai farin masallacin Juma'a wanda ake danganta gininsa da shekarar 1427. Bayansa kuwa tsohon gari ne mai ƙananan lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa. A cikin birnin ne kuma kabarin Shehu Muhammad al-Ma'aruf yake, malamin ɗariƙar Shaziliyya da ya rasu a 1904, wanda babban asibitin garin ke ɗauke da sunansa. A zamanin Faransawa hedkwata na tsibirin Mayot ne, kafin a mai da ita Moroni gab da ƙarshen mulkin mallaka. Ƙasar ta samu ƴancin kai ranar 6 ga Yuli, 1975, amma Mayot ta zauna a hannun Faransa. Harsunan hukuma uku ne: Shikomori da Larabci da Faransanci. Wanda ya shiga kasuwar Volo-Volo kuwa, ƙamshin kanumfari da banila ne zai fara yi masa maraba.

To amma abin da ya fi dacewa iyalanmu su duba shi ne sha'anin aurensu. A Ngazija iyayen yarinya ne ke gina mata gida, wani lokaci tun tana ƙarama ake fara aza tubali. Idan an ɗaura aure, ango ne ke tarewa a gidanta. In kuma ƙaddara ta kawo rabuwa, shi zai kwashe kayansa ya fita, ita da ƴaƴanta su zauna a ɗakinsu. Wanda ya taɓa ganin an sako mace da goyo tsakar dare ba ta san inda za ta nufa ba, zai gane hikimar da ke cikin wannan al'ada.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Suna da wani babban biki da ake kira anda, wanda yakan ɗauki kwanaki ana yanka shanu, ana ciyar da gari, ana kai wa amarya zinariya mai yawa. Namijin da bai yi anda ba, ko da ya yi furfura, ba shi da ta cewa a dandalin gari, kuma akwai tufafin girma da ba a yarda ya sa ba. Saboda haka mutum yakan fara da ƙaramin aure, sannan ya share shekaru yana tari, wasu a can Marsai ta Faransa inda ƴan Komoro ke da yawa, don ya dawo ya kashe dukiyar cikin ƴan kwanaki. Malamai da matasa masu ilimi sun daɗe suna kokawa da wannan nauyi, masu kare shi kuma suna cewa shi ke raba arziki tsakanin dangi da maƙwabta.

Kafin mu yi musu dariya, mu waiwayi gidajenmu. Lefe da kayan ɗaki da gara sun hana samari nawa aure, sun jefa iyaye nawa cikin bashi? Sau da yawa kuɗin da ake ɓatarwa a mako guda na biki zai isa a saya wa yarinya fili da sunanta, ko a kama mata sana'a. Mu ɗauki gidan daga mutanen Moroni, mu bar musu gasar.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya sauƙaƙa wa matasanmu aure, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.